Shin cewa dabbobi na jin girgizar ƙasa kafin mutane shirka ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Yauri nike, jihar Kebbi. Na ga wani bidiyo a Facebook na girgizar ƙasar Turkiyya, karnuka na ta haushi tsuntsaye na ta tashi kafin gidaje su fara zubewa. Da na faɗa a majalisa cewa dabbobi na jin abun kafin mu, sai wani ya ce in yi istigifari wai na ba dabba sanin gaibu. Malam na yi shirka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, ba ka yi shirka ba. Abokin naka kishin tauhidi ya sa shi magana, Allah shi saka mai, amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Gaibu shine abun da babu wata kafa ta ji ko gani da za ta kai halitta gare shi. To ita girgizar ƙasa in dutse ya tsage can ƙarƙashi, motsi iri biyu ke tasowa, na farko mai sauri ne amma marar ƙarfi, yana cin kusan kilomita 6 cikin daƙiƙa guda, na biyun shi ke zuwa daga baya ya kada gini. Tsakaninsu 'yan daƙiƙu ne. Kare da doki da saniya ƙafarsu na ƙasa kunnensu ya fi namu, sai su ji na farkon mu ko sai na biyu ya iso. Kenan abun ya riga ya faru, mu ne labari bai iso ma ba. Kai da ke bakin kogi ka san yadda shanu ke ɗaga kai su kafa kunne tun kai ba ka ji ƙarar injin jirgin ruwa ba, wa ya taɓa ce masu bokaye?

Shari'a ma ta tabbatar dabbobi na riskar abun da ya ɓoye mana. A Sahihu Muslim, Zaidu ɗan Sabitu ya ba da labarin alfadarar Annabi (SAW) da ta zabura kusa da wasu kaburbura har ta kusa kada shi, sai ya bayyana cewa ana ma mutanen ciki azaba. Ga kuma hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, in kun ji carar zakara ku roƙi Allah falalarsa domin ya ga mala'ika, in kun ji kukan jaki ku nemi tsari daga shaiɗan.

Inda haɗarin yake shine a wuce nan. Mutum ya ji mujiya ko kare ya kwana yana kuka ya ce lallai masifa na tafe, ya fasa tafiya, wannan shine camfin da Annabi (SAW) ya kore. Haka mai yanke ranar girgiza yana yaɗawa a WhatsApp, ƙarya yake, har yau masana ba su iya faɗin rana da wuri. A Caina a 1975 an ga macizai sun fito ramu cikin tsananin sanyi kafin girgizar Haicheng, hukuma ta kwashe mutane, amma fa ƙananan girgiza da aka yi ta ji su ne babban dalili. Shekara guda bayan nan, 1976, ta Tangshan ta zo babu gargaɗi, sama da mutum 240,000 suka rasu.

Kar mu ce abun na nesa ne, Kwoi ta jihar Kaduna ta ji motsin ƙasa a 2016, Mpape ta Abuja a 2018. In ka ga dabbobi sun firgita gaba ɗaya ka kuma ji ƙasa na rawa, ka fitar da iyali fili nesa da katanga, wannan riƙo da sababi ne. Ko salla kake ka yanke, kare rai wajibi ne, ka sake ta daga baya. In da hali ba tare da ka jefa kanka halaka ba ka kwance dabbar da ke turke ƙarƙashin rumfa, wallahi abun na ci min rai yadda ake mantawa da su, alhali igiyarmu ce ta hana su gudu.

Wanda kuma ya tsira amma ya kwana biyu yana jin jiri kamar ƙasa na motsi, bacci ya ƙaurace mai, kar a ce mai raunin imani gare shi ko aljanu ne. Girgizar 6 ga Fabrairu 2023 da ka gani ta ci sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya, wanda ya ga irin wannan dole jiki ya riƙe. A rarrashe shi, in ya daɗe a kai shi asibiti.

Batun ibada, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a tara jama'a a yi ma girgizar ƙasa salla irin ta husufin rana, kowa ya yi nafilarsa shi kaɗai da addu'a da istigifari da sadaka.

Wallahu a'alam.