Ga mai Prado da jaka 600: kar ka fara da ɗaga mota

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, ka ce ka sayi Prado 95 okaziyo, wato ta hannu, mai shan gazuwal, wato dizal, kana zaune Garwa, kana da jaka 600 na sefa, wato sefa 600,000, a hannu, kuma so kake ka ɗaga ta, ka sa manyan tayoyi da ƙarfen gaba da fitilu a sama don ka riƙa shiga daji wajen Poli da Faro da Rumsiki idan an samu hutu. To Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Na daɗe ina bin waɗannan wurare da katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, kuma shawarata ita ce duk abubuwan nan da ka lissafa ka mayar da su ƙarshen layi, kuɗinka su fara tafiya inda ido ba ya gani.

Fara da sanyin injin. Idan taka mai turbo ce, to galibi 1KZ ke ciki, lita 3, injin mai ƙarfi da jimiri amma ba ya yafe zafi ko kaɗan, da ya tafasa sosai sai kulas, wato kan injin, ya tsage, kuma kuɗin kulas da aikinsa kaɗai zai cinye babban kaso na abin da ka tara. Ka san yadda Garwa take a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura 40, sannan ka shiga yashi da ƙaramar giya, injin na ihu mota na tafiyar hawainiya, babu iskar da ke bugun radiyata sai abin da fanka ta jawo. A nan ake gane motar da aka kula da ita. Saboda haka a cire radiyata a wanke ta ciki da waje, idan ta toshe ko robar samanta ta fara canza launi tana tsagewa a sa sabuwa kawai kar a yi ta like-like. A duba fanka, waccan mai mai a cikinta da ke kamawa idan injin ya yi zafi, da yawa a tsofaffin motocin nan ta mutu tuntuni tana juyawa ne kawai don kunya. A canza tiyo-tiyon ruwa da murfin radiyata, a duba famfon ruwa. Kuma don Allah kar ka yarda makanike ya cire maka tarmosta, abin nan da ke daidaita zafin ruwan injin, ya jefar ya ce wai ta ƙasar sanyi ce, a sa sabuwa mai kyau, a zuba ruwan radiyata na gaske mai launi, ruwan rijiya tsatsa da datti yake tarawa. Bel ɗin taimin kuma, tunda ba ka san yaushe mai ita na farko ya canza ba, ka canza shi da abin ɗaure shi ka rubuta kilomita a jiki, daga nan ka riƙa lissafi duk kilomita 100,000.

Sai ƙasan mota. Prado 95 tana da wani sanannen rauni, rotil ɗin ƙasa na tayar gaba, wato mahaɗar nan mai kan ƙwallo da ke riƙe taya. Idan ya ci ya ci, ranar da zai fita ba ya sallama, taya kawai za ta kwanta ƙarƙashin mota, to ka ƙiyasta wannan a gangaren falez, dogon gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundare. Wannan wuri ne da ba a neman araha, ka sayi na asali guda 2 da kusoshinsu ko da za ka jira a aiko maka daga Duwala ko ta Yola, kar ka sa na kas, wanda aka ciro daga mataccen mota ba ka san tarihinsa ba. A duba robobin ƙasa, robar kardan, wato sandan da ke juya taya, in ta yage yashi ya shiga, birki, da man aksul gaba da baya da na akwatin giya. Ka gwada ƙaramin sandan giya ka tabbatar yana shiga L, wato ƙaramar giya mai ƙarfin ja, yana fita lafiya, mutane da yawa suna shekara da mota ba su taɓa taɓa shi ba sai ranar da suka kafe su tarar ya ƙi motsi.

Bayan wannan sai taya, kuma a nan ne kusan rabin kuɗinka zai tafi, kar ka ji ciwo. Abin da ke kashe mu a dajin nan ƙaya ce da dutse, ƙayar aduwa da farar ƙaya da kututturen da aka sare aka bari a ciyawa, sai duwatsun hanyar Mokolo zuwa Rumsiki masu yanka gefen taya. Nemi A/T, wato tayar kwalta da daji, mai rubutun LT a jiki, gefenta ya fi kauri. M/T, tayar laka mai manyan haƙora, tana da kyau a hoto, amma tana kuka a kwalta, tana ƙara shan mai, kwaltar Garwa zuwa Marwa da rana tsaka tana cinye ta da wuri, kuma a yashi haƙa rami take yi ta binne ka. Game da girma, idan 265/70 R16 ke ƙafarta ka iya hawa zuwa 265/75 R16, wannan zai ɗaga cikin motar da kamar santimita 1 da ɗan ɗori ba tare da ka yanka komai ba. Ka wuce nan sosai sai ta fara gogar jiki idan ka karya kan mota, ƙarfin ja ya ragu, birki ya yi nauyi. In dole sai okaziyo za ka saya, duba lambobi 4 na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa ko haƙoranta na nan kamar sabuwa robar ta bushe, zafin nan namu zai fasa ta. Safaya kuma 2 nake ɗauka idan zan yi nisa, ko ta biyun tsohuwa ce ba komai.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk maganar nan. Kompireso ƙarami na hura iska mai kamawa a batir, ma'aunin iska, da kayan toshe huji irin na meshi, wato zaren roba da ake cusawa a hujin. Kuɗinsu bai kai na taya 1 ba amma aikin da suke yi ya fi na ɗaga mota nesa ba kusa ba. Idan za ka shiga yashin mayo, wato kogi, ka sauke iska zuwa kilo 1.5, in yashin mai laushi ne sosai har 1.2, sai taya ta baje ta kwanta a kan yashi maimakon ta nutse, motar da ta kafe ɗazu sai ka ga ta fita a hankali kamar wasa. Kar dai ka yi gudu ko ka karya kwana da ƙarfi a haka don taya na iya zamewa daga rim, kuma da ka hau ƙasa mai tauri ko kwalta ka tsaya ka mayar da iska, abin da ya sa kompireso ya zama dole kenan, yawancin mutane sun san dabarar amma suna tsoron saukewa saboda babu mai faci a kusa. A hanyar jan ƙasa mai kunya-kunyan nan da ke girgiza haƙori ma rage iska kaɗan yana sauƙaƙa wa amotisa, wato shokozoba, da bayanka.

Kayan fita daga kafewa ba su da tsada: shebur mai dogon hannu, adda, katako mai kauri da za ka ɗora kirik, wato jak, a kai don kar ya nutse, faranta 2 na ƙarfe ko katakai da za a tura ƙarƙashin taya, da igiyar ja mai faɗi wadda aka rubuta nauyinta a jiki. Ka sa mai walda ya duba ƙugiyoyin ja na gaba da baya, su zama a jikin shasi da kusoshi masu ƙarfi. Kar ka taɓa ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela ko a bamba, idan ya ɓalle da ƙarfi yake tashi, kuma ka san da mota ta kafe kusa da ƙauye yara ne ke fara cika wurin, ka kore su nesa kafin a ja. Winci ka manta da shi yanzu, mai araha ranar buƙata yake ƙonewa, kuma a karal, wato filin baƙar laka, ina ma itacen da za ka ɗaura shi.

Wajen mai walda akwai aiki 1 da ya cancanci kuɗi, farantin kare ƙasan injin, ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4, a ɗaure da kusoshi yadda za a iya cirewa, a bar ramin juye mai. Ƙarfen gaba irin wanda ake haɗawa da bututu mai nauyi kuwa ban ba ka shawara ba, yana danne gaban mota, yana gajiyar da sifirin da rotil ɗin da muka gama magana a kai, in an cika masa raga da fitilu ya tare iskar radiyata, kuma ranar tsautsayi ɗan moto ko mai tafiya a ƙafa ne zai sha shi. Fitila ƙarin guda 2 sun isa, da rile da fiyus nasu, a kashe su idan mota na zuwa. Ni dai daji ba na tafiyar dare ma sam.

Maganar ɗagawa. Gaban Prado 95 kowace taya da kardan ɗinta take, idan ka ɗaga fiye da santimita 4 zuwa 5 kardan zai karkace ya riƙa yage roba yana ƙara, rotil ya ƙara wahala. Kuma motar da ta haura shekara 20, don an daina yin wannan samfurin tun 2002, sifirin ɗinta ya riga ya zauna, sau da yawa sabon sifirin da amotisa masu kyau kaɗai sai ka ga ta miƙe ta koma tsayinta na asali, ka ga ka samu ɗagawar ba tare da ka ɓata komai ba. Abin da wasu ke yi na cusa guntun ƙarfe ko roba mai kauri a kan tsohon sifirin, mota ta yi tsayi a ido amma tana tangaɗi a kwana, ba na so. Haka galeri, wato abin ɗora kaya a saman mota, a sa tabarma da tanti da kaya marasa nauyi, jarkokin mai da ruwa su zauna ƙasa cikin mota a ɗaure, nauyi a sama shi ke kifar da katkat a gefen tudu.

Mai kuma, zuwa-zuwa, wato man da ake sayarwa a jarka a bakin hanya, wani lokaci a ƙauye shi kaɗai za ka samu. Sa ƙarin filta mai raba ruwa da gazuwal kafin ta asali, ka riƙa tafiya da filta sabuwa a mota, in za a zuba maka daga jarka a tace da ƙyalle mai tsabta. Lokacin hunturu ƙura na toshe filtar iska da wuri, ka riƙa cirewa kana kaɗewa a hankali. Bututun iska na sama da ake sawa a gefen gilashi yana taimakawa wajen ƙura, amma in ba a like mahaɗarsa da kyau ba ado ne kawai, zai iya jira. Abin da ba zai jira ba kuma kusan kyauta ne, ƙananan hancin numfashi da ke kan aksul, a sa musu dogon tiyo a kai shi sama. Aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙar ruwa, in ka buɗe ka ga man ya koma fari-fari to ruwa ya shiga, a juye nan take.

Tunda ka ambaci Faro, ka tsara tafiyarka da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, lokacin ne ma ake shiga gandun Benuwai da Buba Njida. Da damina, musamman Agusta, mayo na iya cika cikin ɗan lokaci ko ba a yi ruwa inda kake ba, a kan duwatsu aka yi shi ya gangaro. Ka sauka ka taka da ƙafa ko ka tambayi mutanen wurin, in ya wuce gwiwa kuma yana gudu ka zauna ka jira ya janye, injin gazuwal in ya shaƙi ruwa ya gama. Karal kuwa idan ya jiƙe babu tayar da ke cin sa, laka ke naɗe taya ta zama sumul, ka bari ya sha iska. Kuma in ya bushe kar a bi ta cikin gonar muskuwari, wato dawar rani, don yanke hanya, wahalar mutane ce, raina yana ɓaci idan na ga sawun katkat a cikin dashen bayin Allah.

Takardu su zama cikakku, kartgiris ta mallakar mota da asirans, wato inshora, da bizit ta lafiyar mota, don jandarma sun fi tsayar da motar da ta sha kwalliya. Wajen Mokolo da Mora da Waza ka tambayi halin tsaro kafin ka tashi, ka gaishe da lawan ko jauro idan za ka kwana kusa da gari, ka bar wa wani a gida labarin inda ka nufa da ranar dawowa tunda rezon waya na ɗaukewa.

Idan an gama aikin injin da ƙasa da taya, kafin ka yi nisa ka samu aboki mai katkat ku je wani mayo busasshe kusa da gari, ka kafe da gangan, ka sauke iska, ka sa L, ka fita, ka gwada kirik da katakon da igiyar duka. Ka faɗa mana kuma ko taka mai turbo ce ko 5L marar turbo, da ko otomatik ce, don in otomatik ce akwai maganar sanyaya man giya da ya kamata a ƙara a lissafin jaka 600 ɗin.