Tiyata uku aka yi mini, maigida yana son ƙarin haihuwa

Anti, barka da aiki. Shekarata 31, 'ya'yana uku, kuma dukansu ta tiyata aka ciro su. A ta ƙarshen nan na zubar da jini har sai da aka yi mini ƙari. Likitar ta ce sun sha wuya kafin su kai ga mahaifa, domin kayan cikina sun manne da juna. Yaron ko shekara bai rufa ba, maigida ya fara zancen yi masa ƙani. Yayarsa kuma kullum labarinta wata da aka yi wa aiki sau shida tana nan garau, wai in na samu ciki in daure in haihu a gida. Ni kuwa duk ranar da na shafa tabon nan na marata sai gabana ya faɗi. Ina son 'ya'ya, ba na son ɓacin ran mijina, amma ina tsoron in mutu in bar waɗannan. Da gaske uku ce iyaka?

Maman Uku

Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya, kada kowa ya sa ki ji kunyarsa.

Babu wata lamba da aka yanke wa kowace mace. Akwai mai tiyata biyar lafiya lau, akwai wadda tun a ta biyu likita zai ce ta tsaya. Abin da ake dubawa shi ne yadda aka tarar da cikin, kuma ke an riga an gaya miki naki. Mannewar nan tabo ne na ciki, yana haɗa mahaifa da mafitsara ko hanji, sai aikin gaba ya daɗe, jini ya fi zuba, wani lokaci wuƙa ta taɓa mafitsarar.

Abin da ya fi tayar wa likitocin mata hankali shi ne mabiyiya. Idan ta zauna a kan tsohon ɗinki, takan kafe cikin naman mahaifa kamar saiwa, ta ƙi fita bayan an ciro jariri. Jinin da ke biyo baya yana da yawa ƙwarai, sau da dama sai an cire mahaifar ɗungurungum kafin a ceci uwar. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, kan mata sama da 30,000, ya nuna a tiyata ta uku matsalar ba ta kai mace 1 cikin 100 ba, a ta huɗu ta kai 2 cikin 100, daga ta shida kuma kusan 7. In kuma mabiyiyar ta sauko ta rufe bakin mahaifa ga mai tiyata uku a baya, kusan 6 cikin 10 ne ke gamuwa da wannan matsala ta kafewa.

Maganar haihuwa a gida kuwa, don Allah ki fitar da ita daga ranki. Mai tiyata ɗaya ana iya barinta ta gwada naƙuda, shi ma a asibiti da likita a kanta. Mai uku, naƙuda na iya fasa ɗinkin, a rasa uwa da ɗa kafin a isa asibiti.

Yanzu dai jikinki hutu yake buƙata, aƙalla wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin, don haka ki nemi hanyar tazara da ta dace da ke. Sannan ki roƙi maigida ya raka ki wurin likitar da ta yi miki aikin, a ciro fayil ɗinki, ya ji da kunnensa. Maza da yawa ba mugunta ce ke sa su matsa ba, jaririn kawai suke gani, ba su ga abin da ya faru a ɗakin tiyata ba. Ku tambaye ta kai tsaye: mahaifar za ta iya ɗaukar wani? In ta ce a'a, ku tattauna hanyar dakatarwa.

In ta ba da dama kuka kuma yanke shawarar ƙarawa, ki fara awo da wuri a babban asibiti mai bankin jini, a yi hoton ciki a wajen mako na 20 a ga inda mabiyiya ta zauna, a kuma sa ranar aiki tun kafin naƙuda ta taso. Ko ɗigon jini kika gani da cikin, ko ciwo ya kama ki a kan tabon, ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaran.

Antinku