Na ba da kafin alƙalami, sai bakanike ya ce injin na shan ruwa

Barista, ina gaisuwa. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Bana na sayar da riɗi da shanun huɗa biyu, ina so in sayi mota ƙirar Sharon ta hannu in ba ƙanena ya riƙa jigila zuwa Kano. Dillali ya haɗa ni da wani Alhaji da zai sayar da tasa, muka daidaita a kan naira miliyan 4 da dubu 300, na ba da kafin alƙalami dubu 400. Bayan kwana biyu na kai bakanike ya duba, ya ce ruwan lagireto yana raguwa, kuma ya ga wani abu kamar madara a murfin baƙin mai. Alhajin ya ce zafin rani ne kawai, inji lafiya lau. Dillali ya ce in cika kuɗi in ɗauka, in ta ba da matsala ai doka ta ba ni damar mayarwa, in ya ƙi kuma 'yan sanda su karɓo mini kuɗina. Haka ne? In kuma na fasa, ina makomar kafin alƙalamina?

Malam, na gode da wasiƙarka. Ban ji ta bakin Alhajin ba, ban ga wata takarda da kuka rubuta ba, ni kuma ba bakanike ba ne, don haka amsata a kan abin da ka faɗa kaɗai take. Amma maganar dillali kam, kada ka ɗora miliyan huɗu a kanta. Ka tuna la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa.

Kuskuren yana cikin zaton cewa damar mayarwa abu ne da za ka sa a aljihu, ka fito da shi ranar da inji ya buga. In kana da wannan damar, to yau kake da ita, kuma cika kuɗin da ake zuga ka ka yi shi ne abin da zai iya kashe ta.

Mu fara da inda rikicinku zai fi zuwa, wato kotun shari'ar Musulunci, tunda ga alama ku duka Musulmi ne. A mazhabar Malikiyya akwai abin da malamai ke kira hiyarul aibi: wanda ya sayi kaya ya tarar da aibi yana da zaɓin mayarwa. Sai dai da sharuɗɗa. Aibin ya zama tsoho, tun a hannun mai sayarwa. Ya zama irin wanda ke rage darajar kaya. Mai saye bai san da shi ba lokacin ciniki. Kuma bayan ya gano, bai yi abin da ke nuna ya yarda ba. To duba naka lamarin. Ranar da kuka daidaita ba ka san da maganar ruwa ba, daga baya bakanike ya gani. Wannan, a fahimtata, yana gefenka. Amma da zarar ka ƙirga sauran kuɗin ka miƙa, ka karɓi mukulli, ƙanenka ya fara lodi, alhali ka riga ka ji abin da bakanike ya ce, da wuya alƙali bai ɗauke shi a matsayin ka gani ka yarda ba. Tambaya ɗaya zai yi maka: "Malam, kafin ka biya, wani ya duba maka motar?" Bakaniken da kai ka kawo, ka biya shi kuɗin mashin, shi ne zai zama shaidar Alhaji ta farko.

Shiru ma yana da nasa hukuncin. Wanda ya ga aibi ya zauna kwana da kwanaki bai ce komai ba, ba tare da uzuri ba, ana iya cewa ya haƙura. Maganar "kwana uku" da mutane ke yawan faɗa kuwa, ba kyauta ba ce da ke bin kowane ciniki. Zaɓin gwaji na wasu kwanaki sai an shardanta shi a lokacin ciniki. In ba a faɗa ba, babu shi.

A ɓangaren dokar boko ma labarin bai fi haka daɗi ba. Dokar cinikin kaya da kotunanmu ke aiki da ita tushenta dokar Ingila ce ta 1893, kuma asalin ƙa'idarta shi ne mai saye ya buɗe idonsa. Ta yi togaciya inda mai sayarwa sana'arsa ce sayar da irin wannan kayan, sai ta ɗora masa cewa kayan su zama masu moruwa. Alhajinku, yadda ka bayyana shi, motar gidansa yake sayarwa, ba mai filin sayar da motoci ba ne. Ko da ma mai fili ne, dokar ta ce in mai saye ya duba kaya, ba ta kare shi daga aibin da ya kamata dubawar ta bayyana. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta fi shafar 'yan kasuwa da kamfanoni, ba na jin za ta yi maka wani amfani sosai a cinikin mutum da mutum.

Sai ka ce, ai Alhajin ya faɗa da bakinsa inji lafiya lau. Wannan maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. In ya san injin na da ciwo ya ɓoye, algus ne, kuma hadisi ingantacce ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ko cewa ya yi "yadda ka gan ta haka na sayar", wannan ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya rufe. Matsalar ita ce hujja. Wa ya ji? Dillali? Sannan bayan wata guda motar na hanyar Dambatta zuwa Kano da fasinja maƙil da buhuna a baya, yaya za ka nuna ciwon tsoho ne? Alhaji zai ce yaronka ne ya bar ta ta tafasa a hanya bai tsaya ba, kuma ba abu ne mai sauƙin ƙaryatawa ba.

Zan dai ce wannan, ko da ba fagena ba ne: zafin rani ba ya mayar da baƙin mai madara. Yawanci alama ce ta ruwa na haɗuwa da mai, ko gasket ya ƙone, ko kan injin ya tsage ko ya lanƙwashe. Wani lokaci kuma raɓa ce kawai a motar da ta daɗe a ajiye. Bambancin kuɗin gyara tsakaninsu babba ne. Don a gane wanne ne, a tayar da motar da sassafe inji na sanyi, ba wadda aka riga aka ɗumama kafin ku iso ba. A duba ko farin hayaƙi yana ci gaba da fita a salansa bayan ta yi zafi, da ko ruwan lagireto yana kumfa. Mai motar da ya hana a yi wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

'Yan sanda kuwa, ka cire su daga lissafi. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma kotuna sun sha nanata cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Sai in akwai damfara ta zahiri tun farko, kamar takardun bogi ko motar da ba tasa ba. In ka sa aka tsare shi a kan maganar gasket, yana iya juyowa ya kai ka ƙara kan tauye masa haƙƙi, ka tashi daga mai nema ka koma mai biya.

Kafin alƙalami ya danganta da abin da kuka faɗa lokacin bayarwa. A dokar boko, in an bayar da shi ne don tabbatar da ciniki, mai saye ya fasa babu dalili, yana iya rasa shi. In kuma wani ɓangare ne na farashi, an fi samun damar dawo da shi. Malikiyya ba su yarda da sharaɗin cewa in an fasa mai kaya ya cinye kuɗin ba. Kai kuma ba fasawar ra'ayi za ka yi ba, dalili gare ka. Ina ganin matsayinka a nan yana da ƙarfi, matuƙar aibin ya tabbata, kuma akwai shaidar ka ba da kuɗin.

Shawarata, ku zauna. Ka ɗauki mai unguwarku ko wani dattijo da Alhajin ke jin kunyarsa, da shaidu biyu, dillali ya zauna a matsayin wanda ya ga ciniki, ba mai raba gardama ba. In gwaji ya nuna ciwon babba ne, ka nemi a warware, a dawo maka da kuɗinka. In ya dage sai an bar masa wani ɗan abu na kwanakin da motar ta tsaya, ka auna, wataƙila ya fi maka sauƙi a kan zirga-zirgar kotu da damina a gaba. In har yanzu ranka na kan motar, bakanikenka ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya ji farashin kayan gyara, ko na inji sukutum, ka nemi ragi daidai da haka. Ka sani ragin ba dole ba ne a kansa, sai da yardarsa. Abin da shari'a ta ba ka shi ne ka karɓa a yadda kuka yi ko ka mayar. Ko kuma ku rubuta sharaɗi: kwana kaza na gwaji, sauran kuɗi a hannun amintacce, in injin ya ci gaba da shan ruwa kowa ya karɓi nasa. A sa lambar sasi da ta inji da ranar da wa'adin zai cika, kowa ya sa hannu. Duba takardun kwastan da na mallaka, da canza suna, wannan ba sai na faɗa ba.

In zaman ya gagara, akwai Hisbah, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano, kafin a kai ga shigar da ƙara. Ban hana ka kotu ba, amma a kan dubu 400, ka lissafa kuɗin mota da na lauya da ranakun gona da za ka rasa.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan ka tura wa Alhajin saƙo a waya, a rubuce ko da murya, ka gaya masa abin da bakanike ya gani, kuma ba ka amince da motar a haka ba sai an gwada. Kada ka goge saƙon. Motar ta ci gaba da zama a gidansa, kada ka ƙara ko sisi, kuma ka ja wa ƙanenka kunne kada ɗoki ya sa ya je ya karɓo mukulli.