Kafin ka buɗe wa baburinka ƙofar iska

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga masu manyan baburan nan ne da ake kira kuruza, masu sirdi ƙasa-ƙasa da inji mai silinda biyu da suka buɗe kamar harafin V. Kowa so yake ya cire matatar iskar da kamfani ya sa, ya ɗaura ta kasuwa. Na ɗauki guda biyar.

Assalamu alaikum. Ina da Harley-Davidson Sportster ƙirar 2012, mai injekta. Abokan hawana sun ce in sa buɗaɗɗiyar matatar iska, ƙarfi zai ƙaru. Zan iya ɗaurawa in hau kawai, ko dole sai an taɓa kwamfutar babur ɗin?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗaurawar ba ta da wuya, duk wanda ya iya riƙe sifana zai gama kafin ya gaji. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da zai biyo baya.

Gaurayen iska da fetur inji yake ci, kuma gaurayen nan yana da awo. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone tas, yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan ka murɗa totur har ƙarshe kana neman cikakken ƙarfi, sai an ƙara fetur, awon ya sauko wajen 13, domin rarar man nan ita ke sanyaya cikin silinda. Kamfanoni kuwa, saboda dokokin hayaƙi, tun daga masana'anta suke tsuke wa babur mai. To sai ga ka ka ƙaro iska, fetur yana nan yadda yake. Abin da zai biyo baya zafi ne. Injin Sportster ɗinka iskar tafiya ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma silindar baya ita ta fi shan wuya don ta gaba ta tare mata iskar. Za ka fara jin zafin a cinyarka idan ka tsaya a cunkoso. Wata rana kana hawan tudu a babbar giya sai ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ba ta wasa ba ce, mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma idan ta daɗe tana cin bawul da fistin.

Za a ce maka ai kwamfutar tana gyara kanta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tun 2007 duk baburan titi na Harley-Davidson suka koma injekta, kuma naka yana da na'urar da ke shinshinar hayaƙi a jikin bututun salansa tana kai wa kwamfuta rahoto. Sai dai wannan na'urar awo ɗaya ta sani, wato kusa da 14.7, kuma kwamfutar tana saurarenta ne a silo da tafiyar sannu-sannu. Da ka buɗe totur sosai, sai ta koma ga jadawalin da aka rubuta mata a masana'anta, wanda aka tsara da tsohuwar matata. Wato daidai lokacin da injin ya fi bukatar ƙarin mai, a lokacin ne gyaran kanta ya fi rauni.

Don haka ka ɗauki matata da saiti a matsayin sayayya ɗaya. Akwai na'urorin saiti irin Power Vision na Dynojet, da Fuelpak na Vance & Hines, da na Screamin' Eagle na Harley-Davidson ɗin kansa. Mafi kyau duka shi ne a ɗora babur ɗin a kan injin gwajin ƙarfi, wanda ake kira daino, ƙwararre ya saita shi yana kallon awon hayaƙi da idonsa. Idan kuɗinka na matata ne kaɗai, ka haƙura ka ƙara tari. Kuma ina so ka ji wannan tun yanzu don kada ranka ya ɓaci daga baya: matata ita kaɗai ba ta mayar da babur wani sabon abu. Abin da za ka fi lura da shi shi ne saurin amsawar totur, da gurnanin shaƙar iska kusa da gwiwarka ta dama.

Ranar ɗaurawa, abu ɗaya nake roƙonka. Da zarar ka cire tsohuwar, ka toshe maƙogwaron injin da tsumma mai tsabta, kada ka cire shi sai za ka rufe. Sannan duk sukurun da zai zauna a cikin matatar, ka ɗiga masa ruwan kulle zare, wato gam ɗin da ke hana sukuru kwancewa, shuɗin, ka ɗaure shi da ƙarfin da takardar kayan ta faɗa. Na taɓa tsayawa kan wani inji da aka buɗe bayan ya haɗiye sukuru ɗaya da bai kai tsawon farce ba. Saman fistin ɗin ya yi ɗigo-ɗigo kamar an bi shi da guduma da ƙusa, bawul ɗaya ya lanƙwashe, mai babur ɗin yana tsaye riƙe da ɗan ƙarfen da ya baje a tafin hannunsa, ya kasa cewa komai. Injin V jijjiga gare shi, sukurun da ba a kulle ba kuwa ba shi da wajen faɗawa sai cikin silinda.

Malam, Yamaha V Star 650 ce da ni, mai kafireto. Na cire akwatin iska gaba ɗaya na sa ƙananan matatu a bakin kafireton. Yanzu tana sarƙewa a tsakiyar totur, idan na saki kuma sai ta riƙa harbi ta salansa. Na ɓata ta ne?

Ba ka ɓata ta ba, yunwar mai take ji. Amma matsalarka ta ɗan fi ta mai tambayar farko zurfi. Kafireton da ke jikin V Star 650, da na yawancin kuruzar Japan na wancan zamanin, irin wanda zuƙar iska ke ɗaga masa ƙofar ciki ne. Wayar totur faifan da ke ɓangaren inji kawai take buɗewa. Akwatin da ka cire shi ke kwantar da iskar ya sa zuƙar ta daidaita. Da ka cire shi sai ƙofar ta daina tashi a kan lokaci, allurar da ke jikinta ba ta sakin isasshen mai, shi ne sarƙewar da kake ji.

Ga gwaji mai sauƙi. Bayan injin ya yi zafi, ka ɗan ja cok kana tafiya. Idan sarƙewar ta ragu, ka tabbatar ƙarancin mai ne. Ka kuma cire fulogi ka duba: ruwan ƙasa-ƙasa alama ce ta lafiya, fari fat kamar alli kuwa yunwa ce. Harbin salansa shi kaɗai ba hujja ba ne, domin yoyon iska a mahaɗar bututun salansa ma yana kawo shi.

Kafin ka sayi jet ko ɗaya, wato 'yan ƙarafan nan masu huji da ke auna man da kafireto ke saki, ka duba robobin da suka haɗa kafireto da inji. A tsohon babur sukan tsattsage, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, ka yi ta sauya jet ba ka ga daidai ba. Idan lafiyarsu lau, sai aikin saiti. Ƙaramin jet da sukurun gauraye su ke riƙe da silo da farkon totur, allura ke riƙe da tsakiya, babban jet kuma ƙarshen totur. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a hau a gwada, a rubuta. Aiki ne mai cin haƙuri, kafireto biyu ne kuma, sai an daidaita su da juna.

Da tawa ce, akwatin zan mayar, in zuba masa matata mai kyau a ciki. Injin siisii 650 ba zai ba ka ƙarfin da ya kai wannan wahalar ba, kada garin neman gira a rasa ido.

Wace matata ta fi: ta takarda, ta auduga mai shan mai, ko ta soso? Hanyar da nake bi kullum ƙura gare ta.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matatar da ta fi sakin iska, galibi ƙofofinta sun fi faɗi, ƙura mai laushi kuma ta nan take bi. Ka ɗaga matatar auduga irin ta K&N ka saita ta da rana, za ka ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji. Man da aka shafa mata shi ke kama ƙurar, shi ya sa idan ta bushe ta tashi daga aiki. Ta takarda ta fi tsuke iska amma ta fi tare ƙura mai laushi, idan ta cika kuma sai a jefar a sa sabuwa. Ta soso mai mai tana jure ƙura sosai, shi ya sa baburan tseren daji ke amfani da ita, sai dai tana son wanki akai-akai.

Tunda hanyarka mai ƙura ce, ni dai ba zan ba ka shawarar matatar da ke tsirara a waje ba. Ƙurar da ta wuce tana haɗuwa da baƙin mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe, a hankali ta cinye ringi da bangon silinda, ba kuma za ka sani ba sai ranar da babur ya fara hayaƙi yana shan mai. Idan ka riga ka sa, bayan 'yan makonni ka cire ta ka shafa yatsa a cikin maƙogwaron injin. Ya kamata yatsan ya fito ba komai. Idan ka ji gari-gari, ko dai matatar ba ta riƙewa, ko bakinta bai zauna daidai ba.

Wankin ta auduga da ruwan wankinta ake yi, a ɗauraye daga ciki zuwa waje, a bar ta ta bushe da kanta. Ban da fetur, ban da hura iskar kwamfuresa, don tana yaga audugar. Mai kuma daidai wa daida.

Ruwan sama ma abin tunawa ne. Buɗaɗɗiyar matata, musamman mai bututun da ya miƙo gaba, tana shan ruwa a tafiya da kuma inda aka ajiye babur. Ana sayar mata da 'yar riga mai hana ruwa, ka haɗa da ita. Kuma kafin ka biya, ka zauna a kan babur irin naka da aka ɗaura wa ita, domin wasunsu suna tokare gwiwa har su sa ƙafa ta karkace daga kan birkin baya.

Tunda na sa sabuwar matata a Harley ɗina, baƙin mai ke ɗigowa daga ƙasanta har yana ɓata min wando. Injin ya lalace ne?

Da wuya. Waɗannan injinan suna fitar da tururin mai daga cikinsu ta wasu kusoshi biyu masu rami a kan silinda, tururin ya shiga matata injin ya ƙone shi. Tsohon murfin yana ɓoye abin da ya taru, buɗaɗɗen kuma ba shi da inda zai ɓoye. Ka duba ko ƙananan tiyoyin sun kai bakin maƙogwaron yadda aka tsara. Sannan ka auna baƙin man da injin a zafi, domin cika shi fiye da kima shi ne ya fi kawo wannan. Idan man yana raguwa sosai ko hayaƙi ya biyo, sai ka kai wa bakanike ya auna matsin silinda.

Babur ɗina sabo ne. Sa matatar kasuwa zai kashe min garanti?

Ya danganta da dokar ƙasar da ka saya da abin da takardar garantin ta ce, don haka ka karanta ta tukuna. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani, kuma a 2022 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta sa Harley-Davidson ya gyara sharuɗɗansa a kan haka. Amma idan kayan da ka sa ne suka jawo lalacewar, gyaran na wuyanka. Taɓa kwamfuta ya fi matata nauyi: a 2016 Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 a ƙarar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta kai shi kan na'urorin saiti kusan 340,000 da suka sa babura fitar da hayaƙi fiye da ƙa'ida. Saboda haka ka nemi kayan da aka rubuta cewa halal ne a hau titi da su, ka sa dillalin ya rubuta maka matsayin garantinka kafin a kwance noti ko ɗaya. Tsohuwar matatar da sukuranta kuma ka ƙulle su a leda ka adana, za ka neme su ranar duba hayaƙi ko ranar da za ka sayar da babur ɗin.