Hotuna tangaran a kyamara, a WhatsApp sun dushe: ina gizo ke saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na je Istanbul saro kaya, na tafi da 'yar ƙaramar kyamara, Sony RX100 III, na ɗauko hotuna wajen 300. A jikin kyamarar gwanin sha'awa, amma da na kwaso su zuwa waya na tura wa 'yan gida ta WhatsApp sai suka dushe, kamar da tsohuwar waya aka ɗauka. Kyamarar ce ta samu matsala? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kyamararki lafiyarta ƙalau. A hanya ake yi wa hotunan aski, kuma da alama sau biyu aka yi musu kafin su isa hannun 'yan gida.

Wannan kyamara tana fitar da hoto mai faɗin fiksil (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 5472 da tsayin 3648, wato megafiksil 20, fiksil miliyan 20 ke nan, kowanne yana cin megabait 5 zuwa 10. Askin farko a manhajar Sony yake faruwa, wadda ke janyo hoto daga kyamara zuwa waya ta Wi-Fi. A saitinta akwai zaɓin girma guda uku: Original, 2M da VGA. Idan tana kan 2M, megafiksil 2 kacal ke shigowa wayarki, kashi ɗaya cikin goma na abin da kika ɗauka. Ki duba, ki mayar da ita Original. Mafi sauƙi ma ki rabu da Wi-Fi ɗin: ki sayi 'yar na'urar karanta katin SD mai bakin da ya dace da wayarki, ki zaro katin, ki kwafe jakar DCIM, inda hotunan ke zama, gaba ɗaya. Ya fi sauri, batirin kyamara bai ƙare ba, kuma babu abin da ya taɓa hoton.

Aski na biyu na WhatsApp ne. Duk hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, yana rage dogon gefensa zuwa kusan fiksil 1600, sannan ya matse shi har ya koma 'yan kilobait ɗari. Matsewar ba ta cika nunawa a fuskar mutum da aka ɗauka kusa ba. Inda take ɓarna shi ne inda zane ya yi ƙanana da yawa, irin tayil ɗin bangon Masallacin Sultan Ahmet ko kayan yajin kasuwa, sai ki ga sun cakuɗe kamar an shafa da yatsa. Haka sararin sama lokacin faɗuwar rana a bakin mashigin ruwan Bosforus: maimakon launi ya sauka a hankali, sai ya fito layi-layi.

Magani biyu ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Tun 2023 WhatsApp ya sa maɓallin HD a saman hoto kafin a tura. Yana barin girman ya fi na da nesa ba kusa ba, amma har yanzu akwai matsewa. Wannan ya wadatar ga zauren dangi, inda a waya kawai za a kalla. Wanda zai wanke hoton ya rataya a falo kuwa, sai ki tura masa ta Document, a nan fayil ɗin ke tafiya yadda yake. Lissafin wanki a bayyane yake: ana son fiksil 300 a kowane inci. Hotonki na asali zai ba da inci 12 da 18 tsaf, mai fiksil 1600 kuwa ba zai ma cika ɗan ƙaramin 4 da 6 ba.

Sai dai kada ki zuba duka 300 ta Document. Za su iya haura gigabait 2, za ki cinye datarki da ta mutane, kuma babu mai haƙurin kallon hoto ɗaya na jirgin ruwa sau goma sha biyu. Ki zauna ki tace, ki fitar da 25 ko 30, ki jera su yadda tafiyar ta kasance, kowanne da ɗan rubutu layi ɗaya: ina ne, me ake gani. Sauran ki ɗora su a kundi ɗaya a Google Photos ki raba mahaɗin, mai so ya shiga. Ki tuna gigabait 15 na kyauta haɗe yake da Gmail da Drive, kuma idan saitin ajiya yana kan Storage saver, duk hoton da ya wuce megafiksil 16 za a rage shi zuwa 16.

Ga Facebook da Instagram, gara ki rage hoton da hannunki kafin su rage miki. A Lightroom, manhajar gyaran hoto ta waya, ki fitar da kwafi mai fiksil 2048 a dogon gefe, shi Facebook ya fi karɓa ba tare da ya dagula shi ba. Instagram faɗin 1080 yake nunawa, kuma ya fi son hoto na tsaye. Kyamararki siffar 3:2 take ɗauka, don haka hoton hasumiya da kika ɗauka a tsaye za a yanke masa kai ko ƙafa idan ba ki gyara yankan da kanki ba. Kullum daga na asali za ki fitar da kwafi. Hoton da aka sauke daga WhatsApp aka sake ɗora shi wani wuri, matsewa kan matsewa ke nan, balle wanda aka ɗauka daga fuskar waya.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke rikita mutane. Idan launuka sun fito a kwance, ja ya koma kamar ya sha wanki, ki dubi sunan fayil ɗin. Wanda ya fara da _DSC alama ce kyamarar tana kan tsarin launi na Adobe RGB, ki mayar da ita sRGB, shi wayoyi da shafukan intanet suka fi ganewa. Wanda ya ƙare da ARW kuwa ɗanyen hoto ne da ba a sarrafa ba, yawancin wayoyin 'yan gida ba za su buɗe shi ba sai an mayar da shi JPEG. Na biyu agogo: Turkiyya ta riga Najeriya da awa biyu, waya tana gyara kanta, kyamara ba ta yi. Idan kika haɗa hotunan waya da na kyamara a kundi ɗaya za su shiga juna, abincin dare ya riga la'asar. A Google Photos na kwamfuta ana iya zaɓar su gaba ɗaya a matsar da lokacin.

Wani abin lura game da Document: yana tafiya da duk bayanan da ke ɓoye cikin hoto. Ita wannan kyamara ba ta da GPS, amma hotunan waya da kika cakuɗa a ciki suna iya nuna ainihin otal ɗin da kika sauka. Tikitin jirgi da fasfo ba abin sakawa a status ba ne, kuma abokiyar tafiya da ta fito a hoto a nemi yardarta kafin ya shiga zauren da ba ta ciki.

Katin kuma kada ki goge komai a kansa sai hotunan suna wuri biyu, misali kwamfuta da Google Photos, kin kuma buɗe wasu kin tabbatar sun kwafu. Daga nan ki yi masa fomat, wato goge shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar kanta, ba a waya ba, don ta sake tsara jakunkunanta yadda take gane su.