Amsa: Katin hoto ko furosesa, wanne zan fara saya don wasan tuƙin jirgi?

Ɗan'uwa, ka ce hoto yana ƙaƙƙamewa duk sanda ka nufi sauka a babban filin jirgi, har kana shirin sayen sabon katin hoto. Dakata tukuna.

A wasan Microsoft Flight Simulator, sau da yawa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ce ke riƙe wuya. Akwai aiki guda da ke tafiya a layi ɗaya: lissafin na'urorin ɗakin matuƙi, jiragen da ke zirga-zirga, gine-ginen filin. Idan layin nan ya cika, katin hoto zaman jira kawai yake yi, komai tsadarsa. Shi ya sa furosesa mai ƙwayoyin aiki (cores) 16 ba lallai ta fi mai 8 ba. Abin da wasan ke so shi ne babbar ma'ajiyar kusa (cache), wato ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, kuma a nan furosesar Ryzen 7 7800X3D mai 96MB ta yi suna.

Gwada da kanka: kunna Developer Mode a saitin wasan, ka buɗe ma'aunin FPS, wato yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ɗaya. In ka ga "Limited by MainThread", layin nan ne ya cika, matsalar furosesa ce. Ni ma sai da na sayi kati a banza kafin na lura da rubutun nan.

RAM kuwa, 32GB ya wadatar, sai in kana loda ƙarin filaye da yawa. Katin hoto mai 12GB zai riƙe allo mai kaifin hoto na 1440p. Don 4K ko tabaron VR, nemi 16GB. Saka wasan a SSD. In wasan na 2024 kake yi, duba intanet ɗinka ma, domin yawancin taswirar duniya daga can yake jawo ta kana cikin tafiya.