Amsa: A Amurka ma launin fata da talauci na taɓa yara?

Ɗan'uwa ka ce kana mamaki wai a ƙasa mai arziki kamar Amurka har yanzu ɗan baƙar fata bai samun dama ɗaya da ɗan farar fata. Wallahi akwai, ka duba garin Flint a jihar Michigan kawai. Yawancin mutanen garin baƙar fata ne, talakawa kuma da yawa, a 2014 hukuma ta koma ɗebo musu ruwan famfo daga kogin Flint wai don rage kashe kuɗi, ba a sa maganin da ke hana tsofaffin bututu ci ba, sai dalmar da ke jikin bututun ta shiga ruwan sha. Iyaye suna ta kukan ruwan ya canza kala yana wari amma aka share su, sai a 2015 wata likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna dalma ta ƙaru a jinin yara. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 mun san ba wasa ba ne, ƙwaƙwalwar yaro take lalatawa. Ni dai ban yarda za a share iyayen unguwar masu kuɗi haka ba. Ga makaranta kuma, a wurare da dama a Amurka kaso mai yawa na kuɗinta daga harajin gidajen yankin yake fitowa, unguwar talaka kuɗi kaɗan take tarawa.